Ɗumin da Ya Tsaya a Hawa na Uku

Ina dawowa daga aiki ran Laraba na lura baranda ɗaya ce kawai a gininmu gilashinta bai yi fari da ƙanƙara ba. Sauran duk sun daskare, ba a ganin komai ta cikinsu, amma ta hawa na uku, wadda ke daidai saman tamu, ruwa ne ke gangarowa a jikinta kamar gumi. Na kalla na wuce. Hannuwana duk ledoji ne, yatsuna sun sandare, hankalina kuma yana wurin Baba.

Na same shi inda na bar shi, a kicin, kan ɗan gadon da muka cusa tsakanin firij da murhu. Dogon mutum ne, in ya miƙe ƙafafunsa sai sun shiga ƙarƙashin tebur. A nan yake kwana tun da aka sallamo shi daga asibiti, don kicin ne kaɗai wurin da ke da ɗumi a gidan. Ɗakunanmu biyu bututu ɗaya ke kawo musu ruwan zafi, kuma tun da aka saki ɗumi a watan Oktoba ƙarafan ɗumin da ke ƙarƙashin tagoginsu ba su taɓa yin zafin kirki ba. Ka dafa su da safe ka ji kamar ka dafa ƙofar waje. Ni da hula nake kwana. Baba ma haka ya yi ta kwana, yana cewa ai ya ga sanyin da ya fi wannan, har ciwon huhu ya kayar da shi a watan Janairu.

Mun sayi hita. In aka kunna ta tare da firij sai wutar gidan ta ɗauke, in kuma ta yi aiki sai ta busar da iska, Baba ya kwana yana tari.

Yayana Matvei yana Tumen da iyalinsa. Ranar da ya ga kicin ɗin ta waya sai ya ce, "Ulya, ran Asabar ina nan tafe da mota. In na taɓa ƙarfen nan na ji sanyi, Baba zai biyo ni, kuma ba dawowa." Baba ya ce sai dai a ɗauki gawarsa. A gidan nan ya haife mu, a nan Mama ta rasu, kabarinta kuma bas ɗaya ake hawa a je. Amma likita ta goyi bayan Matvei, ni ma na san in ya sake kwanciya ba lallai ya tashi ba.

Ba shi kaɗai na tarar ba. Kawu Fima na zaune a gefen gadon, allon dara a kan gwiwoyinsu. Shi ne maƙwabcinmu na sama, abokin Baba tun suna samari a masana'anta. Lokacin da Baba ke da lafiya, cokali yake ɗauka ya ƙwanƙwasa bututu, Kawu Fima ya amsa daga sama, sai ga shi ya sauko da silifas. Yanzu ba ya jiran kira, kullum da la'asar yana nan, kuma ba ya zuwa hannu biyu. Ran nan tukunyar miyar kabeji ce daga matarsa, Gwaggo Zina.

"Ga likitarmu ta dawo," in ji shi. A kantin magani nake aiki, amma tun ina jami'a likita yake ce min. "Zo ki duba uban nan naki, ciwon ya haye kansa. Ina kallo ya ture min ɗa da hannun riga."

"Ƙarya yake," Baba ya ce. "Tun yana da gashi a ka nake cinye shi, kullum da sabon dalili."

"Mai gyaran ya zo?" Kawu Fima ya tambaye ni.

Na ce sai gobe.

"Gobe! Kullum gobe! Suna can zaune a ofis da singileti, taga a buɗe, mutum na daskarewa a gidansa. Marasa tsoron Allah!" Ya zunguri Baba. "Rodion, da ni ne kai da tuni na kira 'yan talabijin."

Ya yi ta zagin ofishin kula da gidaje, kamar yadda yake yi kullum, idonsa a kan allo. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Washegari da safe Marat ya zo. Shi ne mai gyaran famfo na unguwarmu, kuma ya gaji da ganin ƙofarmu kamar yadda muka gaji da ganinsa. Zuwansa na farko ya ce iska ce ta tare ruwa, ya buɗe ɗan kusar da ke gefen ƙarfen, ta yi ta huci har baƙin ruwa ya biyo, ya ce zuwa yamma za mu yi gumi. Da ya dawo ya ce tsatsa ce, ya kwance ƙarfen ɗakin Baba ya wanke shi a baho, ya bar min aikin goge-goge na yini guda. Wannan karon ko jakarsa bai buɗe ba. Ya hau kujera ya kama bututun daidai inda ya fito daga rufi.

"Zo ki taɓa nan, 'yan mata."

Na hau na taɓa. Ɗan ɗumi-ɗumi ne, kamar shayin da aka manta.

"To kin ji. Ƙarfenku lafiyarsa lau, na wanke shi a banza. Ruwan ne yake zuwa muku a mace. Gidan nan bututu ɗaya ne: ruwa ya hau sama gaba ɗaya, sannan ya gangaro, ya bi ta hawa na biyar, ya bi ta na huɗu, ya bi ta na uku, ya zo gare ku. Abin da na sama ya rage, shi za ku samu. Ƙasa da ku shago ne a kulle, ba mai kuka. Jiya na shiga na biyar da na huɗu, bututunsu har ƙona hannu yake."

"Na uku fa?"

Ya sauko daga kujerar yana nishi. "Na ukun ne. Gwaggon nan taku ta tsaya min a ƙofa kamar soja. Wai nasu lafiya lau, wai sabon gyara suka yi da bazara, kada in shiga mata da takalmin kwata. Ba ni da ikon ture ta. In ofis ya nemi takardar kotu, kafin ta fito an daɗe da kashe ɗumi, kina yawo da rigar shan iska."

"Me za su yi wa bututun da zai hana ruwa saukowa?"

"Me ba za su yi ba? Kin ga wannan?" Ya nuna min ɗan gajeren bututun da ya haɗa na sama da na ƙasa kafin su shiga ƙarfen ɗumi. "Gada ke nan. Ta nan ruwa ke wucewa kai tsaye zuwa gidan ƙasa. Kowane mai wayo da ya ga an zo gyara, ita yake fara yankewa, wai tana sace masa zafi. Ke 'yar gida ce. Hau ki sha shayi, ki buɗe idonki."

Sai a lokacin gilashin jiya ya faɗo min a rai.

Ni ba mai shiga gidajen mutane ba ce. Ko a wurin aiki, in mai saye ya ɗaga murya, kunnuwana ne ke fara zafi, maganar ta maƙale. Na wanke tukunyar miyar, na goge ta, na sake goge ta. Da yamma na hau da ita, na tsaya a bakin ƙofarsu ina kallon tabarmar goge ƙafa, har fitilar bene ta mutu da kanta, sannan na danna ƙararrawa.

Gwaggo Zina ta buɗe da riga marar hannu. Zafi ya bugi fuskata, gilashin idona ya yi hazo nan take.

"Ulyana! Ai da kin bari Fima ya taho da ita." Ta miƙo hannu za ta karɓa daga bakin ƙofa.

Ban sakar mata ba. Na cire takalmina na shige ta gefenta. Har yau ban san inda na samo wannan ƙarfin hali ba.

Rabona da falonsu tun kafin gyaran. Inda bututun yake a da, an kewaye shi da allo daga rufi har ƙasa, an liƙa takardar bango mai furanni. An cire ƙofar baranda gaba ɗaya. A barandar an jera katakai hawa-hawa, cike da kwalayen madara da aka yanke, kowanne da ɗan tsiron tumatir ko tattasai, an soka masa tsinke da sunansa. Ƙarƙashin gilashin ga sabon ƙarfen ɗumi fari, dogo, daga wannan bango zuwa wancan. Wani siririn bututun roba, bai fi kaurin yatsana ba, ya fito daga gindin allon, ya bi ƙasa ya fita barandar, ya zagaya, ya dawo ya shige.

Na durƙusa na kama ɓangaren da ke fita. Na yi saurin sakinsa don zafi. Na kama wanda ke dawowa. Shi ne shayin da aka manta.

"Me kike lalube min a ɗaki?"

"Gwaggo, ina gadar?"

"Wace gada? Ni injiniya ce? Mijin Lida ne ya yi aikin, da hannunsa, kuma ya fi wancan mashayin mai gyaran naku sanin aiki."

Lida 'yarsu ce. Mijinta tayoyin mota yake sayarwa.

"Duk ruwan gidan nan ta wannan ɗan robar yake bi," na ce.  "Ya fita waje ya ɗumama gilashi, sannan abin da ya saura ya sauko mana. Babana a kicin yake kwana."

"To ni na sa masa ciwo? Mutumin da yake fita ba hula yana taƙama? Ku liƙe tagoginku mana! Tun uwarku na da rai nake gaya mata tagogin nan sun ruɓe."

"Na liƙe su. Da auduga da takarda, tun Oktoba."

"To ku canza ƙarafanku, sun girme ki."

"An wanke su."

"Ke, yarinya, kada ki zo gidana ki yi min digiri. Da hannun nan na yi miki wanka. Wa ke dafa wa ubanki miya? Ke da ko ƙwai sai kin duba waya?"

Kawu Fima na zaune a kujerarsa ta gaban talabijin, da singileti, jarida a buɗe a gabansa. Tun shigowata bai juya shafi ba.

"Kawu," na ce, "gobe Marat zai iya zuwa. A fasa allon, a mayar da gadar. Aikin yini ɗaya ne."

"A fasa me?" Gwaggo Zina ta shiga tsakanina da shi. "Bangon da ko shekara bai yi ba? A tsayar da ruwa a tsakiyar Fabrairu, tsirraina su mutu a dare ɗaya? Da me zan shuka gonar? Wa zai cika min kwalaben tumatir na ajiyar hunturu, ke? Na riga na gaya wa Fima, a bari sai Mayu. In an kashe ɗumi, na kwashe su na kai gona, ku zo ku fasa duk abin da kuka ga dama. Tun Nuwamba yake cin raina da maganar nan, ke ma kin zo ki ɗora!"

 Ita kanta ta ji abin da ta faɗa, don ta kama gyara labule.

"Tun Nuwamba," na ce.

Jaridar ta ɗan sauka. Bai kalle ni ba.

"Kawu, ka sani tun Nuwamba?"

"Ulya, 'yata, ban tabbata ba ne. Zato ne kawai. Na ce ko iska ce, tunda Marat ya ce..."

"Ka zo asibiti da lemo. Ka riƙe min jaka ranar da aka sallamo shi. Kai ka kama min gadon muka shigar da shi kicin! Kai ka ce a juya kan ta wajen murhu!"

Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba. Na ce masa kullum yana zaune a gefen Baba yana zagin mutanen ofis, alhali silifas ɗin ƙafarsa ma da ɗumin gidanmu yake saukowa da su. Na faɗi wasu abubuwan da ban san ina da su a ciki ba. Gwaggo Zina tana ta ihu wai in fita mata daga gida, marar kunya, marar tarbiyya. Tukunyar na hannuna har lokacin. Na dire ta a tsakiyar kafet na fito, takalmina a hannu.

A kan bene na yi ta shirya ƙaryar da zan yi wa Baba. Ban buƙace ta ba. A ginin nan, in aka yi tari a hawa na uku ana ji a na biyu. Na same shi zaune a bakin gado, ya ninke allon darar ya ɗora a kan firij.

"Kin ci abinci?" ya ce.

"Baba..."

"Ɗora mana shayi."

Ran Juma'a da la'asar aka danna ƙararrawa. Na miƙe, Baba ya ɗaga min hannu. Aka sake dannawa, aka jira, sannan muka ji silifas suna hawa bene a hankali. Da yamma aka fara rigima a sama, muryar Gwaggo Zina tana tashi tana sauka, aka buga ƙofa, daga baya kuma sai ƙarar guduma. Baba ya ƙara sautin rediyo.

Matvei ya iso ran Asabar da hantsi, ko kot bai cire ba ya wuce ɗakin Baba ya dafa ƙarfen. Na ba shi labari a tsaye a zaure. Fuskarsa ta yi ja har wuya.

"Tumatir? Saboda tumatir? Wallahi yanzu zan hau in watso su ta taga, ita ma in ta yi magana ta bi su!"

"Zauna," Baba ya ce daga kicin.

"Baba, mutumin nan ya kusa kashe ka!"

"Na ce ka zauna. Ba a gidana aka koya maka yi wa tsofaffi ihu ba. Ƙanwarka ta riga ta yi na mutum biyu."

Matvei bai zauna ba. Ya ciro akwati daga saman kabad ya shiga jefa rigunan Baba a ciki ba ninki. Ina biye da shi ina cirowa ina ninkewa, ina roƙonsa ƙasa-ƙasa. Na ce yanzu an san inda matsalar take. Na ce a Tumen Baba bai san kowa ba, hawa na goma sha huɗu ne, zai yini yana kallon taga. Ya ce kallon taga ya fi kabari. Ya ce wata huɗu ina gidan ban iya hawa bene ɗaya na duba ba. Na ce shi da ke da bakin magana, sau nawa ya zo? Muna cikin haka aka ƙwanƙwasa.

Kawu Fima ne. Farar ƙura ta rufe masa suwaita da gira, ya ɗaure babban yatsa da tsumma. Matvei ya tsaya masa a ƙofa, ya cika ta.

"Matvei, ɗana, sannu da hanya. Ba shiga zan yi ba." Ya leƙa ta gefen kafaɗarsa, ya ɗaga murya. "Rodion! Na fasa shi. Da hannuna, tun jiya nake yi. Zina ta kwashi tsirranta ta tafi gidan Lida. Na je har gidan Marat na same shi, ya ce ran Litinin da safe zai tsayar da layin, ya yanke robar, ya yi waldar gadar. Kafin la'asar ɗakinka zai yi zafi har ka buɗe taga. Ka ji ni, tsoho? Litinin."

Daga kicin muka ji gadon Baba ya yi ƙara.

Na kama hannun rigar Matvei. "Jibi ne fa, Yaya. Ka kwana biyu, ka taɓa da hannunka."

Ya dubi Kawu Fima daga sama har ƙasa, ya dubi farar ƙurar da ta zuba a bakin ƙofa. Ya fitar da numfashi ta hanci.

"Zan kira wurin aiki," ya ce. "In Baba ya ce a jira, a jira."

Raina ya yi sanyi. Na juya zan shiga kicin, sai ga Baba ya fito. Ya riga ya sa babban kot ɗinsa, ya ɓalla maɓallan har wuya, ya naɗa mayafin da Mama ta saƙa masa. Ledar magungunansa na hannunsa. Ya tsaya a zaure ya zura ƙafa a takalma yana dafa bango, na durƙusa zan ja masa zif, ya bar ni na ja.

"Baba, ka ji abin da aka ce? Litinin za a gyara. Ba sai ka tafi ba."

Ya ɗora hannu a kaina, ya ɗan daɗe. Sannan ya ɗauki hularsa daga ƙusa.

Matvei ya kauce daga ƙofa. Kawu Fima ma ya ja baya har bayansa ya taɓa ƙarfen bene.

"Rodion, na yi ta niyyar gaya maka. Wallahi kullum da ita nake saukowa. Sai in gan ka kana dariya, in ce gobe. Ka zage ni mana. Ka mare ni in kana so. Rodya!"

Baba ya gyara zaman hularsa. Ya bi ta gabansa, kafaɗarsu ta kusa gogar juna, ya kama ƙarfen benen ya fara sauka, yana sauke ƙafa ɗaya sannan ya kawo ɗayar. Muna tsaye mu uku muna jin takunsa har ƙasa, sannan ƙofar waje ta buɗe ta rufe.